Kasuwar Lafiya a Cikin Waya: Daga Tabarmar Magori Zuwa TikTok

Kasuwancin lafiya a kafafen sada zumunta shi ne tallata magunguna da kayan gyaran jiki da tsare-tsaren cin abinci, da sayar da su ta Facebook da WhatsApp da Instagram da TikTok da YouTube, ga jama'ar da mafi yawansu babu likitan da ya duba su ya ce suna da cuta. Wanda ake wa tallar shi ne ya raba wannan harka da sayar da magani na yau da kullum. Mai kemis yana zaune a shagonsa har mara lafiya ya zo da takardar asibiti ko da kokensa. Mai talla a waya kuwa shi ke bin mutum har kan shimfiɗarsa, ya nuna masa wata tawaya da bai san yana da ita ba, sannan ya miƙo masa maganinta. Gajiya ta zama alamar dattin ciki. Rama abin kunya, teɓa ma abin kunya. Baƙar fata ta zama abin gyara, zaman aure kuma sai an sayi kwalba yake ɗorewa. Da yake masu lafiya sun fi marasa lafiya yawa, duk kasuwar da ta iya sayar wa mai lafiya magani ba za ta rasa mai saye ba.

Garin Wudil, da ke bakin kogi a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 40 daga birni, wuri ne da tsohuwar kasuwar da sabuwar suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Kowace Juma'a kasuwar garin, wadda ta yi suna wajen cinikin shanu, tana tara fatake da makiyaya da manoma, masu magani kuma suna baza saiwoyi da sassaƙe a gefe kamar yadda suka gada. A garin ne kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano take, wadda aka kafa a 2001 aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, ga Makarantar Horar da Manyan 'Yan Sanda ta Ƙasa. Dubban matasa masu babbar waya suna rayuwa a unguwanni ɗaya da mahauta da masunta da magina tukwane, kuma tallar da ke shiga wayar ɗaliba ita ce ke shiga wayar matar aure a cikin gida.

Tushen sana'ar a ƙasar Hausa

Sayar da lafiya tsohuwar sana'a ce. Kasuwar Kurmi, wadda ta samo asali tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau tana da layukan masu saiwa da ganye da turare. Wanzami yana ƙaho da kaciya da cire belu, maɗori yana ɗora karaya, ungozoma tana karɓar haihuwa, 'yar mai ganye tana ba da jiƙon yara. Malamai su ma sun shiga fagen da alƙalami. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya bar rubuce-rubuce kan magani. Mafi yawan waɗannan mutane sanannu ne a inda suke aiki. Wanzamin gida ya gaji iyalin da yake wa aski daga ubansa, idan ya yi ɓarna kowa ya san ƙofar gidansa, akwai kuma Sarkin Aska da mai unguwa da za a kai wa ƙara.

Wanda ya fi kusa da mai tallar yau shi ne ɗan magori, mai yawo kasuwa-kasuwa da jakar magani da zaƙin baki. Hausawa sun san halinsa, shi ya sa suka yi masa kirari da magori wasa kanka da kanka. A cikin kirarin akwai gargaɗi: mai sauraro ya san yabon daga bakin mai kaya yake fitowa, don haka yakan rage wani abu kafin ya gaskata.

Daga baya lasifika ta hau kan mota da amalanke. Shagunan da ake kira Islamik kemis suka bazu da habbatussauda da man zaitun da zuma da hulba. Bayan buɗe Freedom Radio a Kano a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita, masu magani suka riƙa sayen fili suna amsa tambayoyin masu kira. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, Facebook ya samu sigar Hausa a 2016, TikTok ya biyo baya da gajeren bidiyo wanda ba ya buƙatar mai kallo ya iya karatu. A kowane mataki muryar mai magani tana ƙara nisa, shi kansa yana ƙara ɓacewa daga idon mai saye.

Abin da ya zo daga ƙetare

Wani ɓangare na salon tallar daga Amurka ya taso. Wani likita mai suna Halbert Dunn ya yaɗa ra'ayin cewa lafiya ta wuce rashin cuta, ta haɗa da ƙarfin jiki da natsuwar zuciya, ya kuma fitar da littafi a kan haka a 1961. Ra'ayin mai kyau ne, ya kuma dace da ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba lafiya tun 1948. 'Yan kasuwa ne suka gano cewa abin da ba shi da iyaka ana iya sayar da shi har abada. A 1994 Amurka ta yi dokar da ta bar kamfanoni su fitar da ƙwayoyin ƙarin kuzari ba tare da sun fara tabbatar da amfaninsu ba. Cibiyar Global Wellness Institute ta ƙiyasta darajar harkar a duniya da dala tiriliyan 6.3 a 2023.

Shari'o'in da aka yi a ƙetare sun nuna yadda abin yake aiki. A Ostireliya wata mata mai suna Belle Gibson ta tara mabiya da iƙirarin cewa abinci ne ya warkar da ita daga sankarar ƙwaƙwalwa. A 2015 ta amsa cewa ba ta taɓa yin cutar ba, a 2017 kotu ta ci ta tarar dalar ƙasar 410,000. A 2018 kamfanin Goop na 'yar fim Gwyneth Paltrow ya biya dala 145,000 a Kalifoniya saboda iƙirarin da ba shi da hujja kan wasu duwatsu da yake sayar wa mata. A 2020 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta gurfanar da kamfanin shayi na Teami saboda alƙawuran rage ƙiba marasa tushe, da biyan shahararrun mutane su yabi shayin ba tare da sun fito fili sun ce talla suke yi ba. Waɗannan dabaru su ne suka iso arewacin Najeriya, suka sa hula da mayafi, suka koyi Hausa.

Hajar da ke kan tebur

Kayan mata su ne kan gaba. A da tsofaffi ne ke haɗa tsumi da gumba da turare ga amarya ko mai jego, a cikin sirri, tsakanin uwa da 'ya ko gwaggo da 'yar ɗan'uwanta. Yanzu an zuba su a robobi masu tambari, an ba su sunaye masu jan hankali, an jera farashi mataki-mataki. Goron Tula, ɗan itacen da ake samu a Tula ta ƙaramar hukumar Kaltungo a Jihar Gombe, ya shahara a faɗin ƙasa ta hanyar Instagram. Wasu masu sayarwa sun wuce gyaran jiki sun shiga alƙawarin mallaka da farin jini da buɗewar hannun miji, abin da ya fi kusa da tsibbu.

Na biyu maganin ƙarfin maza da basir da sanyi. Waɗannan kalmomi uku suna da faɗi ƙwarai a bakin jama'a. Ciwon baya da kasala da kumburin ciki da rashin haihuwa duk ana iya jingina su ga basir ko sanyi, don haka da wuya a karanto alamomin mai sauraro bai ji an taɓo shi ba.

Na uku kayan sauya siffa: shayin rage tumbi, ƙwayoyin ƙiba da ake wa laƙabi da sha ka fashe, garin ƙarin mazaunai da ƙirji, da man bilicin da sabulun haɗi da allurar hasken fata. Na huɗu kayan da aka jingina ga addini, wato zuma da habbatussauda da dabino da hijama da ruwan ruƙiyya. Na biyar ƙwayoyi da shayi na kamfanonin ƙetare masu tsarin kawo mutum a ba ka kamasho, waɗanda wakilansu kan zo da wata 'yar na'ura su ce tana auna dukkan gaɓoɓi idan an riƙe ta a hannu.

Yadda cinikin ke tafiya

Manhajojin sada zumunta suna samun kuɗi ne gwargwadon lokacin da mutum ya ɓata yana kallo. Saboda haka tsarin da ke zaɓar bidiyon da za a nuna yana fifita abin da ke tsayar da yatsa, wato tsoro da mamaki da maganar da ta shafi shimfiɗa. Likitan da ya ce hawan jini sai a riƙa shan magani ana rage gishiri ana zuwa awo bai faɗi abin mamaki ba. Wanda ya ce zai kawar da shi cikin mako biyu ya faɗa. Mace ta tsaya kan bidiyon rage ƙiba sau ɗaya, gobe ta tarar da goma.

Daga nan sai shaida. Ana nuna hoton kafin da na bayan amfani, wanda haske da kusurwar kyamara da manhajar gyaran hoto suka ishe su sauya shi. Ana sako hoton saƙon wata da aka rufe sunanta tana cewa, "Hajiya, Allah ya saka da alheri, kaya sun yi." Ana ɗaukar jaruman fim da mawaƙa da masu barkwanci su riƙe kwalba, ana kuma tsarma tallar a tsakiyar fina-finai masu dogon zango a YouTube. A nan ne babban bambanci da ɗan magori yake. Shi da bakinsa yake wasa kansa, kowa yana gani. A waya yabon kai ya ɓuya a bakin wasu, mai kallo yana zaton yana jin ra'ayin mutane masu zaman kansu, alhali an biya wasu, an ƙirƙiri wasu, an kuma goge koken waɗanda kayan suka cuta.

Ciniki kansa a WhatsApp ake ƙarasa shi. Mai saye ya tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint ko a wurin mai POS, hanyar da ta ƙara karɓuwa bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Sai a sa kaya a mota daga Kano ko Kaduna ko Sakkwato, direba ya kira idan ya iso tashar Wudil. Babu rasit, babu shago, sau da yawa babu ko cikakken suna. Idan abu ya ɓaci, rufe lamba ɗaya ya raba mai saye da mai sayarwa.

Akwai kuma 'yan sari. Babbar mai kaya tana ba ɗalibai da matan aure a farashin sari su saka a sitatus. Ga ɗalibar da ke neman kuɗin haya da na takardu, ko matar da ke son sana'ar da ba sai ta fita ba, wannan hanya ce mai sauƙin shiga. Amma amanar da ke tsakaninta da ƙawayenta da danginta ita ce jarin da babbar mai kayan ke ci, kuma ita 'yar sarin ba ta san abin da aka zuba a robar ba. A tsarin kawo mutum kuwa ribar tana taruwa a sama. A 2016 kamfanin Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200 a Amurka ya kuma sauya tsarinsa, bayan hukuma ta gano cewa mafi yawan wakilansa ba sa samun abin kirki.

Dalilan da suka sa ta karɓu

Ɗora laifin kan jahilci kaɗai kuskure ne, domin masu digiri suna cikin manyan masu saye. Dalili na farko tsadar asibiti. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, amma manomi da ɗan kasuwa da ɗan acaɓa akasari ba su shiga ba tukuna. Cire tallafin fetur da faɗuwar naira a 2023, da janyewar kamfanin GSK daga sayar da magunguna kai tsaye a ƙasar a shekarar, sun ɗaga farashin magani ƙwarai. Mutumin Wudil da aka tura Asibitin Malam Aminu Kano zai lissafa kuɗin mota da na gwaji da yinin da zai rasa, sannan ya kwatanta da kwalbar da za a kawo masa tasha.

Na biyu kunya. An ce ranar wanka ba a ɓoye cibi, amma da yawa sun gwammace su ɓoye. Magidanci ba ya son faɗa wa ma'aikaciyar jinya sa'ar 'yarsa cewa yana da rauni, mace ba ta son namiji ya duba ta. Waya tana ba da sirri, mai kaya kuma yana da lokacin saurare da lallashi wanda likitan da layi ya cika wa ƙofa ba shi da shi.

Na uku matsayin mace a gidan aure. Inda saki yake da sauƙi, kishiya kuma tana iya shigowa kowane lokaci, macen da ba ta da abin hannunta tana ganin jikinta ne kaɗai katangarta. Masu talla sun san wannan fargaba, da ita suke buɗe magana: "Uwargida, kada ki bari a yi miki sakiyar da ba ruwa."

Na huɗu addini. Zuma da habbatussauda da ƙaho suna da asali a koyarwar Musulunci, kuma Musulmi yana girmama su. Mai talla yakan fake da wannan girmamawa ya rufe bakin mai tambaya, har mutum ya ji kamar shakkar kwalbar shakkar addini ce. Alhali falalar zuma ba ta tabbatar da cewa abin da ke cikin wannan galan zuma ce tsantsa ba, ba ta kuma ba kowa izinin cewa haɗinsa yana maye gurbin allurar ciwon suga ba. Addinin da ake fakewa da shi ya haramta algus da ɓoye aibin haja.

Abin da ke cikin kwalba

Haɗarin farko shi ne sinadarin asibiti da aka ɓoye a cikin abin da aka kira na gargajiya. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil, sinadarin Viagra, a cikin magungunan ƙarfin maza da aka ce ganye ne zalla. Ga mai ciwon zuciya da ke shan wasu magunguna, haɗuwarsu na iya faɗar da jini har ta kai ga mutuwa. Ƙwayoyin ƙiba galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine. Na farkon yana kumbura fuska, ya tara ruwa da kitse, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma daina shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha haɗari ne. Shayin rage tumbi yawanci yana ɗauke da ganyen filasko, wanda ke sa gudawa, don haka abin da ya ragu a sikeli ruwa ne. An kuma sha samun sibutramine a irin waɗannan kaya, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Man bilicin yana da nasa babi. Wani ƙiyasi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2011 ya nuna kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 NAFDAC, hukumar da ke rajistar magunguna a ƙasar, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Hydroquinone mai yawa yana barin baƙin tabo mai wuyar fita. Sinadaran steroid suna sirantar da fata, su kawo nankarwa, su hana rauni warkewa, abin da ke wahalar da likita ranar tiyata ko haihuwa. Sinadarin mercury yana lalata ƙoda da jijiyoyi, yana kuma kaiwa ga ɗan da ke ciki. Mafi muni shi ne yadda wasu iyaye suka fara shafa wa ƙananan yara. Kayan matsi kuma suna ɓata yanayin da Allah ya halicci gaban mace da shi don kare kansa, su jawo ƙuna da ƙwayoyin cuta, wato ainihin sanyin da aka ce ana magani.

Ko ganye tsantsa yana da ƙima da iyaka. Hanta da ƙoda su ke tace duk abin da aka sha, kuma jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba yana cikin sanannun musabbaban lalacewar ƙoda farat ɗaya a Afirka. A 2023 binciken jaridar Premium Times da DUBAWA kan maganin da aka fi sani da Baban Aisha ya kai shi ɗakin gwaji, aka ga yana illata gaɓoɓin dabbobin da aka gwada shi a kansu, NAFDAC kuma ta rufe wurin haɗa shi a Jihar Kaduna.

Akwai ɓarnar da ba a gani a kwalba, ita ce jinkiri. Mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa saboda an ce ya warke. Mace ta ji ƙullutu a mama ta shafe wata shida tana shafa mai, sai ta isa asibiti cutar ta bazu. Saurin yaɗuwar magana ma haɗari ne. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙon da ya ce a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha ya karaɗe ƙasar cikin dare ɗaya, aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu da dama.

Doka da iyakarta

Najeriya ba ta rasa dokoki ba. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar magunguna da kayan shafa, kuma ba a yarda a tallata su ba sai da izininta. Dokar abinci da magunguna ta tarayya ta hana tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganin wasu cututtuka da ta lissafa, ciki har da sankara da ciwon suga da hawan jini. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ma'anar lambar NAFDAC a kan maganin gargajiya. Idan lambar ta ƙare da harafin L, an duba ne kawai cewa abin ba guba ba ne a gwajin farko, na ɗan lokaci, ba a tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba. Masu talla kan ɗaga wannan lamba kamar shaidar waraka.

A 2022 aka sauya hukumar kula da tallace-tallace zuwa ARCON, aka faɗaɗa ikonta har kan intanet, ta kuma kai kamfanin Meta ƙara a shekarar tana neman naira biliyan 30 saboda tallace-tallacen da ba a tantance ba. A Kano, hukumar PHIMA tana sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, Hisba da Hukumar Tace Fina-finai sun sha tsawata wa masu tallar magani da kalaman batsa, a 2024 kuma aka rufe ɗaruruwan shagunan magani a Sabon Gari don tilasta wa dillalai komawa sabuwar kasuwar Dangwauro.

Duk waɗannan matakai an gina su ne don abin da ke da adireshi. Ana iya garƙame shago, ana iya kama mota mai lasifika. Ɗakin da ake haɗa mai a bokiti, da zauren WhatsApp, da shafin da za a rufe yau a buɗe wani gobe, sun fi ƙarfin ma'aikatan da ake da su. Kamfanonin manhajojin ma suna da ƙa'idoji, kamar wadda Instagram ya kafa a 2019 ta ɓoye wa 'yan ƙasa da shekara 18 tallar kayan rage ƙiba, amma tantance abin da aka faɗa da Hausa, cikin habaici da sakaya zance, yana baya ƙwarai. A Kano kuma an fi mayar da hankali kan batsar da ke cikin talla fiye da gaskiyar iƙirarin, don haka mai ladabin harshe yana iya sayar da abu mai cutarwa babu mai tanka masa.

Abin da ya cancanci a riƙe, da abin da ya rage a yi

Kafafen ba su zo da sharri kaɗai ba. Likitoci da masana abinci da ungozomomi masu rajista suna bayani da Hausa kan awon ciki da rigakafi da gwajin jini kafin aure, suna kaiwa inda asibiti bai kai ba. Mata da yawa suna cin halal da dilka da lalle da turaren wuta da kunun gyaɗa ba tare da sun yi wa kowa alƙawarin waraka ba. Ilimin tsirrai kuma dukiya ne. Daga wani nau'in tazargade aka samo artemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau, wanda ya sa Tu Youyou ta Sin ta samu kyautar Nobel a 2015. A Abuja cibiyar NIPRD ta samar da Niprisan don masu sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi karan dafi da kanumfari da masoro. Dukkansu ta ɗakin gwaji suka bi, aka auna ƙima, aka san illa. Jami'a mai sassan kimiyya kamar ta Wudil tana da gurbi a irin wannan aiki, ta hanyar gwada kayan da ke yawo a kasuwar garin da bayyana sakamakon da Hausa.

Ga mai saye, akwai alamomin da suka isa su sa a dakata: magani ɗaya da aka ce yana warkar da cututtuka barkatai, robar da ba ta da jerin sinadarai da adireshi da ranar lalacewa, alƙawarin sakamako cikin kwanaki, umarnin a daina maganin asibiti, da mai kayan da ke fushi idan an yi tambaya. Ana iya duba rajistar kaya a manhajar Greenbook ta NAFDAC. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon suga ko hawan jini ko ƙoda su ne suka fi buƙatar nuna wa likita ko masanin haɗa magunguna duk abin da za su sha.

Sauran nauyin ya rabu. Jarumin da ya karɓi kuɗi ya yabi kaya ya zama abokin tarayya a cinikin, wajibi ne ya faɗi cewa talla ce, ya kuma san abin da yake yabo. Malamai a mumbari da makarantun Islamiyya su ne suka fi kowa ikon raba tsakanin girmama sunna da gaskata ɗan kasuwa. Ƙungiyoyin masu maganin gargajiya suna da maslaha wajen fitar da baragurbi, tunda sunansu ne ke ɓaci. Hukumomi kuma suna iya bin kuɗi inda bin shafi ya gagara, domin kowane ciniki yana ƙarewa ne a asusun banki mai suna da lambar BVN. Mafi girman aiki shi ne na asibitin gwamnati da cibiyoyin lafiya na matakin farko: ƙarin ma'aikata mata, ɗakin ganawa mai sirri, gwajin jini da na suga mai araha, da inshorar da ta kai ga ɗan kasuwa da manomi. Abubuwan da aka tabbatar suna tsare lafiya, kamar ruwa mai tsabta da gidan sauro da rigakafin yara da awon ciki da rage gishiri da suga da tafiya a ƙafa, babu mai samun kamasho a kansu, don haka yaɗa su ya rataya ne a wuyan hukuma da makaranta da masallaci da gida.